Gurabe Huɗu, Soket Ɗaya: Mazaunin Faifai Ba Rumbun Tsimi Ba Ne

Mai ɗaukar hoton biki, da mai tace fim a Kano, da lauya mai tara takardun shari'a, da malamin jami'a, duk sukan wayi gari kwamfutarsu ta cika. Daga cikin mafita masu sauƙin kuɗi akwai mazaunin faifai, wato ɗan akwati mai gurabe biyu ko huɗu ko fiye, wanda ake dasa faifan ajiya tsirara a cikinsa, a haɗa shi da kwamfuta ta waya ɗaya ta USB. Na'ura ce mai amfani, kuma ta cancanci sayen duk mai manyan bayanai. Sai dai da yawa suna ɗora mata nauyin da ba nata ba, suna ɗaukar yawan gurabe a matsayin yawan tsaro.

Amfaninta a bayyane yake. Mazaunin yana karɓar faifai masu mahaɗin SATA, manya masu inci 3.5 da ƙanana masu inci 2.5 irin na kwamfutar cinya. Tsofaffin faifan da aka ciro daga matattun kwamfutoci suna iya komawa bakin aiki, kuma mutum zai iya ware faifai guda ga kowace shekara ko kowane aiki, ya liƙa masa suna, ya jera a kabad kamar littattafai. A ƙasar da ɗora terabait guda a ma'ajiyar intanet ke cin data da kwanaki, wannan sauƙi ne babba.

Iyakarta ta farko ita ce gudu. Wayar USB 3.0 tana ɗaukar gigabit 5 a daƙiƙa a rubuce, wanda a aikace bai wuce kimanin megabait 400 ba. Babban faifai na zamani shi kaɗai yana iya kaiwa megabait 200. Ke nan faifai biyu sun isa su cika hanyar, huɗu kuwa sai su yi ta jiran juna. Wannan ba ya damun mai kwafin dare, amma mai tace bidiyo kai tsaye daga mazaunin zai ji a jikinsa.

Ta biyu ta fi nauyi. Manyan faifai suna buƙatar wuta mai ƙarfin bolt 12, don haka duk guraben suna sha daga adafta ɗaya da soket ɗaya. Idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar rubutu, fayil na iya lalacewa. Idan aka dawo da ita da ƙarfi fiye da kima, faifai huɗun suna fuskantar haɗarin a lokaci guda. Ga shi kuma a tsaye suke, rabin jikinsu a waje, galibi babu fanka, a cikin zafin bazara da ƙurar hunturu, alhali farantan cikinsu na juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti. Bugun gwiwar hannu kaɗai na iya jawo asara.

Masu kare na'urar za su ce ai wasu samfuran suna da RAID 1, tsarin da ke rubuta abu ɗaya a faifai biyu. Gaskiya ne, kuma yana ceto idan faifai guda ya mutu. Amma abin da aka goge bisa kuskure yana gogewa a duka biyun nan take. Manhajar da ke garkuwa da bayanai tana kulle duk faifan da ta tarar a haɗe. Ɓarawo da gobara ba sa zaɓen gurbi. Maɓallin kwafi da ke jikin wasu mazaunai ma yana da nasa tarko: yana shafe duk abin da ke faifan da za a kwafa wa, don haka wanda ya musanya gurabe ya shafe na asalin da hannunsa.

Kamfanin Pixar ya ɗanɗana wannan a 1998, lokacin da wani umarni na gogewa ya share mafi yawan fayilolin fim ɗin Toy Story 2, aka kuma tarar ajiyar ko-ta-kwana ta kamfanin ba ta aiki yadda ya kamata. Abin da ya ceci fim ɗin shi ne kwafin da wata ma'aikaciya, Galyn Susman, take da shi a kwamfutar gidanta. Kwafin ya tsira ne domin yana nesa, kuma ba a haɗe yake ba.

Wannan ita ce hikimar ƙa'idar 3-2-1 da mai ɗaukar hoto Peter Krogh ya yaɗa: kwafi uku, a kan nau'in ma'ajiya biyu, ɗaya a wani wuri dabam. A nan ne mazaunin faifai ya fi kowace na'ura dacewa, domin an ƙera shi ne don a dasa a cire. Mutum ya dasa faifai, ya kwafa, ya buɗe wasu fayiloli ya tabbatar suna aiki, ya sallami faifan daga kwamfuta kafin ya zare shi, ya sa shi a kube, ya kai wani gida ko ofis. Mako na gaba ya musanya da wani. Ya sa UPS tsakanin mazaunin da soket, ya riƙa duba lafiyar faifansa da manhaja irin CrystalDiskInfo. Wanda ke son ma'ajiyar da za ta kwana a kunne kullum, gwamma ya nemi rufaffen akwati mai fanka.

Bidiyon ɗaurin aure ba a sake ɗaukarsa, hirar da aka yi da dattijon da ya rasu ba a sake yin ta. Wanda aka damƙa wa irin wannan amana, tambayar da ta kamata ya yi wa kansa ita ce: idan ɗakin nan ya ƙone yau da dare, a ina sauran kwafin yake?