Tseren Mutum Biyu a Kan Ƙanƙara: Kimiyya Ta Goyi Bayan Sabon Tsari, Amma Akwai Gyara

A ranar 12 ga Fabrairu, 2025, a garin Saalbach na ƙasar Ostiriya, maza suka yi karon farko na wata sabuwar gasa a gasar zamiyar ƙanƙara ta duniya. Kowace ƙungiya mutum biyu ce daga ƙasa ɗaya. Na farko ya yi tseren gangara, wato ya sulalo daga saman dutse zuwa gindinsa da iyakar gudu; na biyu ya yi silalom, wato tseren kewaya sanduna da aka kakkafa kurkusa da juna. Sai a haɗa lokutansu, ƙungiyar da jimillarta ta fi ƙanƙanta ita ce zakara. Ƙasar Suwizalan ta kwashe lambobin duka uku. Franjo von Allmen da Loïc Meillard suka ɗauki zinariya, Alexis Monney da Tanguy Nef azurfa, Stefan Rogentin da Marc Rochat kuma tagulla.

Wannan tsari ya maye gurbin wani tsohon tsari ne mai daraja, wanda a cikinsa mutum ɗaya ke yin tseren biyu shi kaɗai. Da shi aka fara zamiyar kan duwatsu a wasannin Olamfik na hunturu, a Garmisch-Partenkirchen ta Jamus a 1936. Namiji na ƙarshe da ya ci shi a Olamfik shi ne Johannes Strolz na Ostiriya, a Bejin a 2022, shekara 34 bayan mahaifinsa Hubert Strolz ya ci irinsa a Calgary a 1988. A Olamfik na 2026 a Italiya, gasar mutum biyu ce ta hau kujerarsa. Masu kukan rasa tsohon tsarin suna da hujja, amma duk wanda ya dubi lamarin da idon kimiyyar fiziya zai ga cewa hukumar wasan ta duniya, FIS, ta yi daidai.

Dalili kuwa shi ne, tseren biyu sun daɗe da raba gari. Mai gangara abokin gābarsa iska ce. Ƙarfin jan ƙasa ke fizgo shi ƙasa, gogayyar allunan ƙafarsa da ƙanƙara ba ta da yawa, saboda haka babbar abin da ke rage masa gudu shi ne turjiyar iska. Ita kuwa wannan turjiya ba ta ƙaruwa daidai da gudu, ninkuwa take yi: idan gudu ya ninka sau biyu, turjiyar sai ta ninka sau huɗu. Shi ya sa ake ganin mai tsere ya dunƙule kamar ƙwai, gwiwa a ƙirji, hannu a gaban fuska, don ya rage faɗin jikin da iska za ta buga. Nauyi ma yana da amfani a nan, domin jan ƙasa yana bin nauyin jiki ne, turjiyar iska kuwa tana bin faɗinsa. Idan mutum biyu suka dunƙule iri ɗaya, wanda ya fi nauyi yakan fi gudu. A 2013, a Wengen, Johan Clarey na Faransa ya kai gudun kilomita 161.9 a awa, ba tare da wani inji ba.

Mai silalom damuwarsa dabam ce. Gudunsa bai kai rabin wancan ba, amma dole ya sauya alƙibla fiye da sau hamsin a cikin kimanin minti ɗaya. Kowace kwana tana bukatar ƙarfin da zai tanƙwaro jiki zuwa tsakiyar da'ira, kuma wannan ƙarfi yana ƙaruwa gwargwadon matsewar kwanar da nauyin mai yin ta. Nauyin da ya taimaki mai gangara, a nan kaya ne. Hatta allunan da suke ɗaurawa a ƙafa ba iri ɗaya ba ne: dokar FIS ta ce allon gangara na maza kada ya gaza santimita 218, na silalom kuwa santimita 165 ya isa. Dogon allo yana hana karkarwa a tsananin gudu, gajere yana saurin juyawa. Malamin fiziya da ke neman misalin da zai kama hankalin ɗaliban aji biyar a darasin motsi a da'ira, ga shi nan a sauƙaƙe.

To, ina za a sami jiki ɗaya da zai gamsar da waɗannan bukatu biyu? A dā ana samu. Kjetil André Aamodt na Norway, wanda ya ci tsohon tsarin a Olamfik na 2002, da Bode Miller na Amurka, wanda ya ci a 2010, sun gwanance a kowane fanni. Amma da horo ya ƙara tsananta, irinsu suka yi ƙaranci. Gwanayen silalom suka riƙa kauce wa haɗarin gangara, gwanayen gangara kuma suka san cewa tazarar da za a ba su a tsakanin sanduna ta fi wadda za su iya tarawa da safe. Bayan kakar 2020 aka daina sa tsohon tsarin a jadawalin gasar cin kofin duniya, kuma a Bejin mazan da suka shiga ba su kai talatin ba. Gasar da manyan gwanaye ke gudu ta riga ta mutu tun kafin a yi mata jana'iza.

Sabon tsarin ya mayar da gwani wurin gwanintarsa, ya kuma ƙara wani abu da wannan wasa na kaɗaici bai saba da shi ba, wato ɗaukar amanar wani. Ana auna lokaci ne har zuwa ɗaya bisa ɗari na daƙiƙa, kuma mai gudun kilomita 100 a awa yana shafe kimanin santimita 28 ne a wannan ɗan lokaci, bai kai tsawon kamu ɗaya ba. Mai gangara zai jefa ransa cikin haɗari don ya samo wannan 'yar tazara, sa'an nan ya tsaya a gindin dutse yana kallo, ya san cewa idan abokinsa ya tsallake sanda ɗaya tak, aikinsu duka ya rushe. Akwai kuma wata ƙiƙaka: a silalom, waɗanda ke kan gaba su ke saukowa daga baya, lokacin da allunan na farko sun riga sun tona ramuka a kowace kwana. Ladan yin fice da safe shi ne samun hanya mafi muni da rana. Wannan ke sa sakamako ya kasance a buɗe har mutum na ƙarshe.

Sai dai abin da ya faru a Saalbach ya tona wani aibi da bai kamata a rufe shi da tafi ba. Dokar ta ba kowace ƙasa damar shigar da har ƙungiya huɗu. Ƙasa irin Suwizalan ko Ostiriya, mai duwatsu da makarantun horo da kuɗi, tana iya cike gurbinta da gwanaye a ɓangarorin biyu. Ƙasar da ke da gwanin silalom ɗaya rak, ba ta da mai gangara na a-zo-a-gani, ta fita tun kafin a fara, alhali a tsohon tsari wannan mutum ɗaya yana iya kawo mata lamba. Wato an gyara matsalar jikin ɗan wasa, an kuma ƙara wa mai ƙarfi ƙarfi.

Maganin bai da wuya. In dai sunan gasar na ƙungiya ne, to kamata ya yi a taƙaita kowace ƙasa ga ƙungiya biyu, ta yadda masu horarwa za su zauna su yi zaɓi na gaske, a kuma bar aƙalla mataki ɗaya na dandamalin lambobi ga wata tuta. Da haka dokar take a 2025, da lambar tagulla ta tafi ga Ryan Cochran-Siegle da Benjamin Ritchie na Amurka, waɗanda suka zo na huɗu a bayan ƙungiyoyin Suwizalan uku.