Rajistar Aji ko Takardar Ƙaramar Hukuma?

Mu da muke kiran suna kowace safiya mun san inda yaro yake zaune. Shekara shida sunansa yana cikin rajistarmu. Mun san layin gidansu, mun san ranar da zazzaɓi ya hana shi zuwa. Amma ranar da ya tashi neman gurbi a jami'ar gwamnati, duk wannan shaida ba ta kai nauyin takarda guda mai hatimin ƙaramar hukuma ba, wadda ke faɗin garin da kakansa ya fito.

Ga yadda ake rabon gurabe a jami'o'in tarayya: kashi 45 cikin ɗari bisa cancanta, kashi 35 ga jihohin da aka keɓe wa kowace jami'a a matsayin yankinta, kashi 20 kuma ga jihohin da aka ce suna baya a ilimi. Ba rabon muke ƙi ba. Boko ya makara kafin ya zauna a Arewa, kuma har yau muna da azuzuwan da yara ke zaune a ƙasa. Abin da muke ƙi shi ne mudun da ake awo da shi. Fiye da rabin guraben sun rataya ne a kan jihar asali, ba a kan inda yaro ya tashi ya yi karatu ba.

A dubi yarinyar da aka haifa a Sabon Garin Kano, mahaifinta ya shekara talatin yana biyan haraji a nan. Mu muka koya mata baƙi da wasali, Hausarta ta fi ta wasunmu. In ta nemi jami'ar da ke garin haihuwarta, baƙuwa ce. A yawancin jami'o'in jihohi ma har kuɗin makarantarta sai ya ɗara na abokiyar zamanta a benci. Kada kuma mu ɗauka wannan matsalar wasu ce. Ɗan Bahaushen da aka haifa a Sabo ta Ibadan, ko a Jos, irin ƙofar da ake rufe masa ke nan, in kuma ya koma ƙauyen kakansa neman takarda, a tambaye shi ɗan gidan wa ne.

Wa ke cin gajiyar tsarin? Sau da yawa ɗan babban ma'aikaci ne, wanda ya yi karatu a makarantar kuɗi a Abuja, bai taɓa kwana a ƙauyen da aka rubuta a takardarsa ba. Shi ke ɗauke gurbin da aka tanada domin ɗan manomin da ya yi firamare ƙarƙashin bishiya. Da sunan talaka aka yanka, a gidan mai hali aka dafa.

Sashe na 42 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya haramta nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda wurin asalinsa. Don haka muna kira ga shugabannin reshenmu su kai ƙuduri taron NUT na jiha: hukumar JAMB da jami'o'i su riƙa lissafa yanki da koma-bayan ilimi bisa makarantun firamare da sakandare da ɗalibi ya halarta. In an ce ina hujja, rajistocinmu suna nan a ofishin hedimasta, kuma a shirye muke mu sa hannu.