Likitan Tiyatar Ƙwaƙwalwa Mai Bincike: Farillar Kifaya Da Ke Wuyanmu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah.

'Yan uwa Musulmi, Aliero ta yi suna wajen ɗori, har daga nesa ake kawo masu karaya. Amma akwai cutar da hannun maɗori ba ya kai gare ta, wato ƙarin da ke tsirowa a cikin ƙwaƙwalwa. Alamominsa sun haɗa da ciwon kai mai tsanani da amai da safe, raunin gani, canjin hali, da farfaɗiyar da ta fara wa mutum bayan ya girma. Sau da yawa a Jega da Maiyama akan ce aljanu ne ko sammu, a yi watanni ana ruƙya kaɗai, alhali ƙarin yana ƙara girma. Ruƙya ta shari'a gaskiya ce, sai dai ba ta hana zuwa asibiti a ɗauki hoton ƙwaƙwalwa, domin Annabi (SAW) da kansa ya yi umurni da neman magani.

Wani ƙarin yana tsirowa ne a jikin tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa, kuma galibi ana iya cire shi idan an zo da wuri. Wani kuwa yana kutsawa cikin naman ƙwaƙwalwar, ta yadda wuƙar likita ba ta iya raba shi da lafiyayyen wuri. A nan ake buƙatar likitan da zai yi tiyata, sannan ya bi abin da ya ciro zuwa ɗakin bincike. Rabe-raben ƙarin ƙwaƙwalwa da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021 sun dogara sosai ga binciken ƙwayoyin halitta. Idan namu ba su yi binciken ba, wa zai san yadda cutar take a jikin mutanenmu?

Muna da abin koyi. Az-Zahrawi na Andalus ya yi tiyata, ya kuma rubuta abin da ya gani a littafinsa At-Tasrif. Imam Gazali ya lissafa likitanci cikin farillan kifaya. A zamaninmu, Farfesa Bello Bala Shehu, ɗan jihar Kebbi, ya jagoranci kafa cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato.

Hanyar tana da tsawo: shekara shida a makarantar likitanci, sannan wasu shekarun na ƙwarewa. Ɗan talaka ba ya iya ɗaukar wannan shi kaɗai. Saboda haka ina kira ga attajiran kasuwar Jega da dillalan albasar Aliero su kafa waƙafi na ɗaukar nauyin ɗalibai masu hazaƙa, maza da mata. Mu limamai kuma mu riƙa bayyana alamomin nan a huɗuba. Farillar kifaya idan kowa ya bar ta, laifin yana kan kowa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.