Hukuncin Allah ba sandar hannunka ba ce



Akwai wata ɗabi'a da ta shigo mana a wannan shafi, kuma lokaci ya yi da za a faɗi gaskiya a kanta. Da zarar masifa ta faɗa wa wanda muke ganin abokin gābar masu bi ne, sai wasu su ruga su rubuta cewa Allah ya rama mana. Har lokacin da aka kashe mafarauta 16 a Uromi, jihar Edo, a watan Maris na 2025, an samu masu irin wannan magana. Wannan ba koyarwar Yesu ba ce, ko da an liƙa mata aya goma.

Gaskiya ne Littafi Mai Tsarki ya koyar cewa Allah zai hukunta masu tsananta wa jama'arsa. Manzo Bulus ya faɗi haka a 2 Tasalonikawa sura 1, amma ya ɗaura wannan hukunci ga ranar bayyanar Ubangiji Yesu. A Ayyukan Manzanni sura 12, Hirudus da ya kashe Yakubu ya kulle Bitrus, tsutsotsi ne suka cinye shi. Amma wa ya buge shi? Mala'ikan Ubangiji. Ikkilisiya addu'a take yi domin Bitrus, babu wanda ya zare takobi.

A Luka sura 13, Yesu da kansa ya kawo zancen mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta rufta wa. Ya ce ba su fi sauran mutanen Urushalima laifi ba, ya kuma gargaɗi masu sauraronsa su tuba. A sura 9, Yakubu da Yahaya sun so su kira wuta a kan wani ƙauyen Samariyawa da ya ƙi karɓarsu, sai ya juya ya tsawata musu. To, kai da kake kiran wuta a Facebook, ka fi waɗannan almajirai kusa da shi ne?

Wani zai ce, ina kuke lokacin da aka kashe mutanenmu fiye da 100 a Bokkos da Barikin Ladi a jajibirin Kirsimeti na 2023? Wannan ciwon namu ne duka, kuma neman hakkin waɗanda aka kashe wajibi ne. A kama masu laifi, a kai su kotu, a matsa wa hukuma har ta yi aikin da Romawa sura 13 ta ce Allah ya ɗora mata. Amma jinin matafiyin da bai san hawa ba bai san sauka ba, ba ya biyan jinin kowa. Romawa sura 12 ta bar ramuwa a hannun Allah, ta ce mu ciyar da maƙiyi in yana jin yunwa.

Ku tuna da Shawulu. Shi ya tsare tufafin masu jifan Istifanus, Istifanus kuwa ya mutu yana roƙa musu gafara. Da an bi ta masu la'ana, da ba mu da wasiƙun Bulus da muke karantawa ranar Lahadi.

Sannan mu duba inda muke zaune. Ranar da rikici ya tashi a Mile 12 ta Legas a 2016, ko a kasuwar Shasha ta Ibadan a 2021, mai ɗauke da adda ba ya tsayawa ya tambayi ɗan Arewa ko coci yake zuwa ko masallaci. Hausar bakinmu ɗaya ce, rumfunanmu suna jere da juna. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Daga yau, duk rubutun da ya yi murna da mutuwar wani da sunan hukuncin Allah, za a goge shi daga wannan shafi. Mai ƙorafi ya zo taron wata da Littafinsa a hannu, mu buɗe tare.

Ubangiji ya ba mu zuciyar tuba.

Sakataren ƙungiya