RA'AYINMU: A sassauta wa jihohi, amma kada a ɓoye sakamakon 'ya'yan talakawa

A ranar 8 ga Janairun 2002 ne shugaban Amurka na wancan lokaci, George W. Bush, ya sa hannu a kan dokar ilimi mai taken kada a bar kowane yaro a baya. Dokar ta wajabta wa jihohi yi wa ɗaliban makarantun gwamnati jarrabawar karatu da lissafi duk shekara, daga aji 3 zuwa aji 8, ta kuma gindaya cewa kafin ƙarshen shekarar karatu ta 2014 kowane ɗalibi ya ƙware. Makarantar da ta gaza shekara biyu a jere, tilas ta bar iyaye su sauya wa 'ya'yansu makaranta.

Ba a daɗe ba jihohi suka fara kuka. A 2005 majalisar jihar Utah ta fifita tsarinta a kan na tarayya, ita kuwa Connecticut kotu ta garzaya. Hujjarsu ita ce, abin da gwamnatin tarayya ke bayarwa bai wuce kimanin kashi 1 cikin 10 na kuɗin makarantu ba, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. A 2011 gwamnatin Barack Obama ta buɗe ƙofar sassauci bisa sharuɗɗa, fiye da jihohi 40 suka samu. A Disambar 2015 aka kafa sabuwar doka wadda ta soke wancan wa'adi, ta bar wa jihohi zaɓen yadda za su gyara makarantun da suka gaza. A Maris 2025 kuma shugaba Donald Trump ya ba da umarnin a kama hanyar rufe ma'aikatar ilimi ta tarayya.

A ganinmu jihohin suna da gaskiya a wani ɓangare. Wa'adin 2014 mafarki ne, kuma tsoron hukunci ya sa wasu makarantu suka koma horar da yara cin jarrabawa kawai.

Sai dai akwai abu guda da bai kamata a taɓa ba. Dokar 2002 ta tilasta a fitar da sakamako rukuni-rukuni: na 'ya'yan talakawa, baƙaƙen fata, masu naƙasa, da masu koyon Turanci, wanda ya haɗa da 'ya'yan 'yan'uwanmu na Afirka ta Yamma mazauna unguwanni irin su Bronx a birnin New York. Idan aka dunƙule maki wuri guda, sai ƙoƙarin 'ya'yan masu hali ya rufe gazawar sauran. Dokar 2015 ta riƙe wannan sharaɗi, kuma ta yi daidai.

Don haka muna kira ga mahukuntan Amurka da su bar kowace jiha ta zaɓi manhajarta da hanyar gyaranta, amma duk wadda ta karɓi kuɗin da aka ware domin yara marasa galihu, to lallai ta nuna wa iyaye abin da yaran suka koya. Wanda ya karɓi amana, dole ya yarda a tambaye shi.