FACIN BABUR A HANYAR BURJI: LAIFIN ƘAYA NE KO NA MUTUM?

 Ga wata magana wadda a ke raina ta, alhali kuwa tana cin dukiyar jama'a a ƙasar Ikara da Makarfi da Kudan, watau facin babur a hanyar burji.

Kowa ya sani babur ne jakin wannan zamani. Shi ke fito da tumatir da tattasai daga fadamun Ikara, shi ke kai mazarƙwaila kasuwar Makarfi, shi ke kai malami ɗaurin aure a ƙauyukan Hunkuyi da Likoro, shi ke kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare. To, in taya ta sace a dokar daji inda babu mai faci, tumatir ya sha rana ya lalace, kasuwa ta watse, wani lokaci ma dare ya riski mutum a wurin da ba ya so.

Mutane su kan ce tsautsayi ne. Gaskiya ne, ƙaya da ƙusa da kututturen kara suna nan tun dā. Amma akwai dalilin da ya ƙaru a kansu, shi ne tsada. Ran 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya yi shelar janye tallafin man fetur, lita ta tashi daga wajen naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. A watan Yuni aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, ta kuwa faɗi ƙwarai. Ga shi tun 2007 kamfanin Michelin ya rufe ma'aikatarsa ta Fatakwal, Dunlop kuma ya daina yin taya a Ikko a 2008. Saboda haka galibin tayoyi daga ƙetare a ke kawo su, kuɗinsu yana bin dala.

Sai mai babur ya shiga tsimi ta hanya biyu. Ya kan haɗa kayan sawu biyu a sawu ɗaya domin ya rage shan mai, ya kan kuma jinkirta sayen taya har ta suɗe, tub ya zama faci bisa faci. A nan ɓarnar ta ke. In kaya ya yi nauyi, iska kuwa ta yi kaɗan, da an faɗa rami sai bakin wili ya datse tub, ya yi masa huda biyu kamar saran maciji. Taya maras isasshiyar iska kuma ta kan zame a kan wili, ta ja tub har gindin bawul ya tsinke, wannan kuwa ba shi facuwa. Garin neman gira ke nan an rasa ido.

To, mene ne abin yi in abin ya auku? Da zarar mahayi ya ji babur yana tangaɗi, sai ya sassauta totur a hankali, ya riƙe kai sosai, kada ya danne birki da ƙarfi, ya gangara gefe ya sauke kaya. Kada ya ce zai lallaɓa a kai ya isa gari, domin tafiya kaɗan a haka ta kan kashe tub da taya da wili gaba ɗaya.

Lalle ne kowane mai shiga ƙauye ya riƙe liba biyu, da sifana daidai da notin tayarsa, da ƙaramin famfo, da gam, da faci, in da hali da sabon tub. Ya zare tub, ya hura, ya nemi huda da ruwa ko da yawu. Ya goge wurin da samfefa ko dutse mai kaushi, ya shafa gam sama sama, ya dakata har ya sha iska, sa'an nan ya manna faci ya danne. Kafin ya mayar, ya laluba cikin taya da yatsa a hankali, domin sau da yawa ƙayar tana nan a maƙale, ta sake hudawa. Ya ɗan sa wa tub iska kafin ya cusa shi, don kada liba ta cije shi.

Amma fa nauyin ba na mahayi kaɗai ba ne. Ɗan kasuwan da ya matsa a ɗora buhu uku a kuɗin biyu, kayansa ne za su kwana a daji. Gara ya biya sawu biyu kaya su isa. Malamai kuma su tuna wa jama'a cewa yin shiri ba ya hana dogara ga Allah.

Saura hukuma. Jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 ya sa gina hanyoyi da gyaransu cikin ayyukan ƙaramar hukuma. Ran 11 ga Yuli 2024 kuma Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Wannan ya ba talaka hujjar tambaya. Kwalta tana da tsada, mun sani, amma cike rami da marmara, da yashe kwalbati kafin damina, da turo gireda bayan ɗaukewar ruwa, ba su fi ƙarfin majalisa ba. Ya kamata shugabannin kasuwa da limamai da masu unguwanni su rubuta sunayen hanyoyin da suka fi lalacewa, su kai wa kansiloli a Ikara da Makarfi da Hunkuyi kafin kaka ta kama.

Allah ya kiyaye hanya, amin. Wassalamu.