Haƙurin da Muke Toshe Bakin Yara da Shi

Ranar 3 ga Maris 2021 aka mayar da 'yan matan Jangebe garinsu domin a damƙa su ga iyayensu. Kwana ɗaya ke nan da sako su, su 279, bayan 'yan bindiga sun kwashe su daga makarantar kwana ta 'yan mata da ke garin, a ƙaramar hukumar Talata Mafara ta jihar Zamfara, a daren 26 ga Fabrairu. Manya na ta jawabi, rana na ta yin sanyi, iyaye kuwa hankalinsu na kan hanya, domin kowa ya san abin da ke tare hanya idan duhu ya shiga. Aka yi turereniya, aka yi jifa, jami'an tsaro suka yi harbi. Yaran da aka ce an kuɓutar da su daga bakin bindiga, ƙarar bindiga ce ta yi musu sannu da zuwa.

Ina yawan tuna wannan yammacin, saboda ya nuna halinmu ƙarara. Mun iya taron murna, mun iya ɗaukar hoto, mun iya cewa alhamdulillahi an sako su. Daga nan sai kowa ya kakkaɓe rigarsa ya koma harkarsa, a bar yarinya da abin da ta gani, a bar uwa da yarinyar, a bar malami da ajin da rabin kujerunsa babu kowa. In ɗayansu ya buɗe baki, amsa guda ce a aljihun kowa: a yi haƙuri.

Shekarar ba ta tsaya a Jangebe ba. A watan Agusta aka shiga Kwalejin Aikin Gona da Kimiyyar Dabbobi ta Bakura cikin dare, aka kashe masu tsaro, aka tafi da ɗalibai da ma'aikata. Ranar 1 ga Satumba, da rana tsaka, aka kwashe yara 73 daga makarantar jeka-ka-dawo ta Kaya a ƙaramar hukumar Maradun. Gwamnati ta rufe makarantun jihar, aka katse layukan waya, aka dakatar da kasuwannin mako-mako. Wanda ɗansa ke karatu a Gusau ko Sakkwato ya yi makonni bai ji muryarsa ba. Waɗannan su ne manyan labaran da rediyo ya ɗauka. Ƙananan, na mutum biyu a gona da mutum biyar a hanyar kasuwa, su ne abincin kullum, kuma yaran da ke zaune a aji suna jin su tun kafin su wanke ido.

Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya yi tsalle. Yaron da ya taɓa gudu cikin dare ba ya jin ƙarar babur kamar yadda ni da kai muke ji. Zai zauna a aji idonsa a kan allo, kunnensa a waje. Dare ya yi ya kasa barci, ko ya riƙa firgita, wani ma da ya daɗe da daina fitsarin kwance sai ya dawo masa. Da safe a tambaye shi abin da aka koyar jiya ya yi zuru. Mu kuma me muke cewa? Daƙiƙi ne, malalaci ne, ya lalace. A ɗauko bulala. Idan yarinya ce ta fara faɗuwa tana ihu, an gama magana: mutanen ɓoye ne. Idan ta ce ba za ta koma makaranta ba, sai uban ya ji kamar an sauke masa dutse, ya fara sauraron masu zuwa neman aure. Ban ga laifinsa gaba ɗaya ba, shi ma tsoro ne ke tuƙa shi. Sai dai firgicin da ba a yi maganinsa ba, tare da kayan ɗaki ake kai shi gidan miji.

Wanda aka fi mantawa da shi a wannan lissafi shi ne malami. Ina da aboki da ke koyarwa a wata makarantar ƙauye a wannan yanki. Ya ce mini tun wancan lokaci ya sake wa teburinsa wuri, ya mayar da shi inda zai riƙa hango hanyar da ta fito daga daji. Yana rubutu a allo, yana lissafin ta wace taga zai fitar da yara arba'in idan aka ce ga su nan. Kullum zai hau babur da safe sai matarsa ta raka shi ƙofa da addu'a kamar mai tafiya yaƙi. Ga albashin da ba ya kai tsakiyar wata, ga 'yan uwan da aka kora daga ƙauye sun sauka a gidansa, ga bashin mai shago. A haka ake son ya shiga aji da fara'a, ya gane yaron da ke cikin damuwa, ya lallashe shi. Da ya je awo aka ce jininsa ya hau, sai abokan aikinsa suka yi dariya, wai ashe ya shigo ƙungiya. Dariyar ba ta mugunta ba ce, kusan dukansu suna da ƙwayar hawan jini a aljihu. Shi namiji ne, kuma malami, saboda haka bakinsa a ɗaure yake sau biyu: namiji ba ya kuka, malami ba ya nuna gazawa a gaban yara. To ina abin yake zuwa? Wani ya sauke shi a kan ɗalibai da bulala, wani a kan iyalinsa da faɗa, wani ya nemi canjin wurin aiki ya gudu birni, makarantar ta koma hannun mutum biyu.

Gida kuma ga uwa. Ita ce mai tashi tsakar dare idan yarinya ta zabura, ita ce mai jinyar tsohon da ciwo ya kwantar tun ranar da aka sayar da gonarsa aka biya kuɗin fansa. Ƙasar da madatsar ruwa ta Bakalori ta mayar gidan shinkafa, yau akwai manoman da sai sun biya 'yan bindiga kafin su shiga gonarsu. Mai gida na fita majalisa ko masallaci ya ɗan sha iska. Ita tana cikin gida da tukunya da tunani, babu mai tambayarta yadda ta kwana da gaske.

Kada a ce ina rena haƙuri. Da ba don shi ba, da addu'a, da zumunci, da tuni garuruwan nan sun watse. Abin da nake ƙi shi ne yadda muka mayar da kalmar murfin tukunya. Annabi Yaƙubu, wanda ake buga misali da kyakkyawan haƙurinsa, ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusufu har idanunsa suka yi fari, bai kuma ɓoye cewa yana cikin baƙin ciki ba. Shekarar da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rasa Nana Khadija da Abu Ɗalib, malaman tarihi shekarar baƙin ciki suke kiranta. Mu ne muka ƙirƙiro cewa mai imani ba ya cewa zuciyata ta yi nauyi. Sau da yawa ma wanda ke cewa a yi haƙuri kansa yake ceto, don kada a ba shi labarin da zai hana shi barci, ko a tambaye shi abin da ofishinsa ya yi.

A yi ruƙiyya, a yi tofi, babu mai hanawa. Amma wanda ƙafarsa ta karye, bayan addu'a wajen mai ɗori ake kai shi. A farkon 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Nijeriya, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Dokar tana Abuja a takarda. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da mutanenmu suka sani yana Kware, can gaba da birnin Sakkwato, kuma sunan garin kansa ya zama abin zolaya, har uba ya gwammace 'yarsa ta ƙare a ɗaki da a ji an kai ta can. Alhali yawancin yaran nan ba kwanciya asibiti suke bukata ba. Babban mutum guda suke so wanda zai zauna ya saurare su ba tare da ya katse su da nasiha ba.

Wannan kuwa bai fi ƙarfinmu ba. A Talata Mafara akwai Kwalejin Fasaha ta Abdu Gusau, akwai jami'ar jihar. Gwamnatin Dauda Lawal ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2023, ana ta gyaran azuzuwa da katanga. Madalla. A cikin kuɗin siminti a cire kaɗan a koya wa malami ɗaya ko biyu a kowace makaranta, har da na Islamiyya, yadda ake gane yaron da firgici ke ci, da lokacin da ya kamata a tura shi wajen likita. A ware wa malaman su kansu wurin da za su faɗi nasu. Limamin Juma'a ya yi huɗuba guda a kan cewa ciwon zuciya ciwo ne, ya faɗa da bakinsa a ji, domin maganarsa ta fi ta kowane jami'in lafiya shiga kunnen magidanta.

Na tambayi abokina ko akwai wanda ya taɓa zuwa makarantarsu ya tambayi yadda shi da yaran suke kwana. Ya yi shiru, sannan ya ce an zo sau biyu. Na farko sun ƙirga kujeru, na biyu sun duba rajista.